Jiya bakina ya ce "venga" da kansa

'Yan uwa masu fama da Sifaniyanci, jiya da daddare abin ya faɗa. Malamata 'yar Kolombiya ta tambaye ni ko ƙanena zai zo gida hutun nan, sai kawai na ji na ce "No creo que venga", wato "ba na jin zai zo", ban tsaya lissafi ba. Ta tafa mini. Wallahi har na kwanta ina murmushi.

Wata uku ke nan ina kokawa da subjuntivo na shakka, wato sigar da aikatau ke ɗauka a Sifaniyanci idan ba ka da tabbas. Haddar ba ta ba ni wuya ba: sea, esté, vaya, haya, sepa, dé, duk suna nan a takardar da na manna a ƙofar ɗaki. Inda nake tuntuɓe shi ne creo da no creo. Ka ce creo que viene, lafiya lau. Da ka ɗora "no" a gaba, sai aikatau ya juye ya koma venga. Mu kuwa a Hausa "ina jin zai zo", "ba na jin zai zo", wannan "zai zo" yana nan daram. Kunnena bai saba jiran canji a wutsiyar jimla ba, shi ya sa na yi ta zuba no creo que viene mako bayan mako. Ga shi da dala nake biyan kuɗin darasi, kun kuma san yadda canji yake. Rabin awa ta tafi a gyaran kuskure guda, abin yana ci mini rai sosai.

Hausar ce dai ta buɗe mini kai. Ina wanke babur ran Asabar, na ce wa maƙwabcina "yana yiwuwa ya zo", sai na tsaya da soso a hannu. Ku saurari wannan "ya" ɗin da kyau. Gajere ne, murya ƙasa, irin na "ina so ya zo". Ya sha bamban da na "ya zo jiya". Ashe muna da abin a bakinmu! Es posible que venga, puede que venga, sak ginin namu. Daga nan na jawo dudo que ("ina shakka") da no creo que na zuba su cikin wannan buhu, duk sa'ad da zan faɗe su sai in fara jin "yana yiwuwa ya" a raina.

Sai a lo mejor, wato "wataƙila", ya zo ya kwance mini lissafi. Na rubuta a lo mejor llueva ina ji da kaina, malama ta ja masa jan layi. A lo mejor llueve ake cewa, ko da yake shakka ce tsagwaronta. Na ajiye shi kusa da "wataƙila za a yi ruwa", tunda shi ma ba ya canza aikatau. Quizás da tal vez kuwa, su ma "wataƙila" ne, amma kowace siga suna ɗauka, subjuntivo yana ƙara nauyin shakkar ne kawai. No dudo que ("ba na shakka") yakan koma indicativo, sigar yau da kullum irin ta viene, don shakkar ta kau.

A tsarina ya kamata yanzu ina kan viniera da tuviera, subjuntivo na shuɗaɗɗen lokaci, ina shirin jarrabawar Sifaniyanci ta DELE B1. Ban ko leƙa su ba. Makon nan tambaya zan zauna wa, don har yanzu ina daburcewa tsakanin ¿crees que viene? da ¿crees que venga?