Na hau Dutsen Kufena da silifas

Tun a tashar Kawo ƙanena ya kalli ƙafata ya ce, "Yaya, da silifas za ka hau dutse?" Na ce masa dutsen Zariya ne fa, ba wani abu ba. Wajen kilomita 80 ne daga Kaduna, ga shi mun fita bayan sallar asuba, don haka kafin hantsi mun sauka a Wusasa, muka taka zuwa gindin Kufena.

Hawan bai ba ni wuya ba. Falalen dutse ne, idan ya bushe yana riƙe ƙafa, sai dai numfashi da ke ƙarewa a wuraren da ya miƙe. Sau uku na zauna ina cewa wai tsayawa na yi kallo.

A sama ne na gane mun zo ba a lokacinsa ba. Watan Janairu ne, hazo ya rufe ko'ina. Na zo da burin hango birnin Zazzau da ragowar tsohuwar ganuwar da ke kewayen dutsen, sai ga shi dogon benen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ma da ƙyar muka shaida shi. Abin da ya fito sarai hayaƙi ne, wuri uku, inda aka cinna wa ciyawa wuta, wataƙila masu neman gafiya. Daga can kana ganin inda wutar ta faro da inda iska ke kora ta. Abin da ya sa ke nan a Amurka ake kafa hasumiya a kan tsaunuka, mutum ya zauna yana gadin gobarar daji.

Muka ce mu zagaya mu sauka ta ɗaya gefen, kada mu maimaita hanya. Nan silifas ya nuna mini halinsa. Ƙafa ta yi gumi tana zamewa, ga tsakuwa a kan dutsen, sai maɗaurin na dama ya tsinke. Na cire duka biyun, dutse kuwa ya ɗau zafi. Da jan gindi na ƙarasa, ƙarangiya ta cika mini wando, ruwan leda biyu da muka riƙo ya daɗe da ƙarewa.

Wani dattijo da ke ɗaure kara a gona ya dube ni ya ce, "Samari, ku dawo ƙarshen damina, sama ta wanke. Kai kuma ka nemo kambas."