Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Jakar Yashin Baba Tsoho

Makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin karatun fisiyo, wanda mutanenmu ke kira aikin gashi. Mahaifiyata ba ta yi murna ba. Ita likita mai allura ta so na zama.

A zangon farko malaminmu ya ɗauko tarihin sana'ar tun daga tushe. Ya ce a 1813 wani mutumin Suwidin, Per Henrik Ling, ya buɗe makaranta a Stockholm inda ya mayar da motsa jiki magani mai tsari: wace gaɓa za a lanƙwasa, sau nawa, da wane nauyi. A 1894 wasu mata huɗu ma'aikatan jinya a Ingila suka kafa ƙungiyar masu tausa don kare mutuncin aikin. Ina ta rubutu kawai, har ya iso 1945, lokacin da Turawa biyu, Mis Manfield da Mista Williams, suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, saboda sojojin da suka dawo da raunuka daga yaƙin Boma. Nan biro ya tsaya a hannuna.

Kakana sojan Boma ne. Tun ina yarinya nake ganinsa kullum bayan asuba yana zaune a kan buzu, ya ɗaura wata 'yar jakar yashi a idon sawunsa na hagu, yana ɗagawa yana saukewa, leɓensa na ƙirga. Mu jikoki mun ɗauka lazimi ne.

Da aka yi hutu, ko jakata ban ajiye ba na wuce zaurensa.

"Baba Tsoho, wa ya koya maka wannan?"

Ya daɗe yana kallona. "Amaryata, da na dawo gwiwar nan ta ƙage kamar itace. A asibiti a Ikko wata baturiya ta ce in ban motsa ta ba, sanda ce abokiyata har kabari. Na yi kuka, Allah ya sani, amma na ɗaga."

Na durƙusa na riƙe gwiwar. Tabon ya kai tsawon ɗan yatsa, amma naman cinyar da ƙarfinsa, a mutumin da ya haura saba'in. Ya kwance jakar ya ɗora mini a tafin hannu. An sake mata ƙyalle ba adadi, ɗinkin ƙarshe ma na mahaifiyata ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku ranar da aka fara miƙo mini yaron da shan inna ya kama.