Asabar: sharon ta shigo bayan ɗakina

Yau da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Na jira gari ya ɗan waye, na ɗauki bokitin da muke tara ruwan alwala da na wankin shinkafa, na zagaya bayan ɗaki. Wurin taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance, tsakanin katanga da bangon kicin. Buhunan shinkafa goma sha huɗu na jera a ciki tun watan Nuwamba, kowanne na cika shi da ƙasa da ɗan yashi da busasshen takin awaki, na huhhuda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Takwas tumatir ne, biyu attarugu, sauran alayyahu da lawashi. Zogale shi kaɗai na dasa a ƙasa, can kusurwa, ya riga ya leƙa gidan maƙwabta.

Ina cikin ban ruwa, a buhu na uku, na hango wani ganyen tumatir ya yi fari-fari, kamar an kankare korensa an bar fatar. Na tsinko shi, na ɗaga saitin haske. Sai ga ta a ciki, tsutsa 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana kwance tsakanin fata biyu na ganyen, ga baƙin kashinta a gefe kamar garin barkono ya ƙone. Gabana ya faɗi. Na bi sauran buhunan ɗaya bayan ɗaya, biyar sun kamu.

Duk wanda ya yi cefane a Kano a 2016 ya san sunan sharon, wato wannan tsutsa mai cin tumatir. A shekarar ce ta cinye gonakin tumatir na Kadawa da Kura da Garun Malam, ta kuma shiga Kaduna har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Na tuna mun shiga kasuwar 'Yan Kaba ni da yayata, muka zagaya, muka fito da tumatirin leda da busasshen kauɗa, don ɗanyen ya fi ƙarfinmu. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya ratso Sifaniya a 2006, ya bi ta Arewacin Afirka har ya iso mu. Ban taɓa kawowa a raina zai nemo buhu takwas a lungun gida ba.

Na yafa mayafi na leƙa wurin Baba mai gadin gidan da ke kallonmu. Mutumin Kura ne, ya yi noman rani da ruwan dam ɗin Tiga tun yana saurayi, kuma shi ya ba ni dashen farko.

"Baba, an tashi lafiya? Dubi abin da na gani."

Ya karɓi ganyen, ya juya shi sau biyu, ya murtsuke tsutsar da farce.

"Ita ce, 'yata. Zafi take jira, ga shi kuwa sanyi ya fara ja da baya. Kada ki tsaya, ki tsinke duk wanda ya kamu ki ƙone. Kada ki zuba a bola, kada ki zuba a cikin taki."

Ya yi mini bayanin abin da ya sa take da wuyar magani: a cikin ganye take zaune, feshi kuma a kan ganye yake tsayawa. Uwar wata 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, da rana ta ɓuya, da magariba ta fito ta yi ƙwai a ƙarƙashin ganye.

Daga ƙarfe takwas har kusan sha ɗaya ina durƙushe. Aikin ba na gaggawa ba ne, sai an juya kowane ganye an duba bayansa. Hannuna ya yi kore, ƙamshin nan na ganyen tumatir ya kama zanena. Buhu ɗaya dai ya yi nisa, har cikin karan ta shiga, dole na tuge shi gaba ɗaya. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don shi ne ya fara fure a cikinsu, kuma Auta ce ta dasa shi da hannunta. Na tara komai a tsohon kasko na cinna wuta.

Da maigida ya dawo ya ce a sayo maganin feshi a huta. Na ce masa alayyahun yana manne da tumatirin, kuma duk bayan kwana huɗu ko biyar nake yanka, ga yara suna tsinkar nunanne su kai baki ba su wanke ba. Dalilin da ya sa na fara shukar ke nan, in san abin da ya taɓa ganyen da zan sa a tukunya. Ya yi shiru, can sai ya ɗauki gora ya kaɗo mini ganyen darbejiyar ƙofar gida, ya cika kwando.

Duk da haka yau na ɗebi tumatir goma sha ɗaya. Uku suna da 'yar huda kusa da hancin, na yanka na tarar da ita a ciki, suka bi sauran zuwa wuta. Takwas ɗin lafiya lau, jajaye, masu nauyi a hannu. Na haɗa da attarugu biyu da alayyahu na yi miyar ganye, muka ci da tuwon shinkafa, na zuba a kwano aka kai wa Baba.

Bayan la'asar ni da Auta muka daka darbejiyar a turmi, muka jiƙa a bokiti, na rufe da faifai. Sai ta kwana, gobe in tace da tsumma, in narka ɗan sabulun wanki a ciki don ruwan ya kama ganye, in yayyafa da yamma idan rana ta yi sanyi. Baba ya ce a maimaita duk mako, a kuma ci gaba da tsinka.

Bayan isha'i na koma da tocila. Na girgiza buhu na uku, malam-buɗe-littafin nan guda biyu suka tashi, ƙanana, suka ɓace ta wajen zogale. Auta ta tambaye ni ko za mu sake dasa wani a buhun da ya zama fanko. Na ce mata kuɓewa za mu sa, ita tana son zafi.