Inda na kai a haɗa kwamfutata, da maganar lokacin sayen kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa kwamfuta. Ga inda aiki ya tsaya a wajena: akwati ya samu, na ɗaure na'urar rarraba wuta mai wat 650 a cikinsa, SSD, wato ma'ajiyar bayanai, kuma yana ajiye cikin kwalinsa. Saura furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), madabod (allon da ake jona komai a kansa) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi), sai katin hoto daga baya. Da gangan na dakata a nan, domin wasunku sun ce mini in jira Black Friday, ni kuma ina ganin lissafin Legas ba haka yake tafiya ba.

Black Friday al'adar Amurka ce, Juma'ar da ke bin Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shagunan intanet na nan irin su Jumia suna jan ta kusan wata guda, kuma ana samun rangwame a kan linzami, kibod, wani lokaci har allo. Amma mai shago a layin Otigba da ke Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, ba ruwansa da wannan. Da dala ya sayo kayansa, da dala zai sake sayowa, don haka kafin ya buɗe baki ya faɗa maka kuɗi ya riga ya duba farashin canji na ranar. Ku tuna Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira: dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya zauna jiran rangwamen Nuwamba a 2023, abin da canji ya ci masa ya fi abin da rangwame ya rage masa. Shi ya sa ni yanzu nake fara tambayar 'yan uwanmu 'yan canji na Allen kafin in taka Computer Village. In dala ta zauna wuri ɗaya na wasu makonni, 'yan kasuwa suna sakin jiki, ciniki ma ya fi daɗi.

Abu na biyu shi ne hutun sabuwar shekarar Sin, wanda yake faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Masana'antu da kasuwannin Shenzhen da Guangzhou suna rufewa, kaya ya daina fitowa, kuma abin da aka loda a jirgin ruwa yakan haura wata kafin ya iso Apapa. A nan sai wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris muke jin abin, ka zagaya shago biyar ana ce maka ya ƙare. Disamba kuwa ba na so ko kaɗan. Cunkoso a ƙarƙashin gadar Ikeja ba a magana, kowa yana sayen waya da kyautar Kirsimeti, daga baya kuma 'yan kasuwa da yawa su kulle shago su tafi gida. A abin da na lura, Oktoba zuwa farkon Nuwamba da kuma tsakiyar Janairu, sa'ad da suka dawo suna neman kuɗin juyawa, sun fi sauƙi.

Ga mu masu sayen tokumbo akwai wani lissafin dabam. Kamfanoni suna sanar da sabbin kaya a baje kolin CES na Las Vegas a Janairu, da Computex na Taipei wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. A Janairun 2025 ne kamfanin Nvidia ya fito da jerin katin hoto na RTX 50. Da zarar sabo ya fito, mutanen Turai da Amurka suna sayar da na hannunsu, bayan 'yan watanni ya iso mana da ɗan sauƙi. Haka aka yi bayan Satumbar 2022, da aka daina amfani da katin hoto wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum, kati ya cika kasuwa. Sai dai da yawansu sun yi aiki dare da rana cikin zafi, don haka a sa kunne a saurari fanka, a bar kati ya yi aiki mai nauyi a gabanka kafin a biya.

RAM ce ta ƙi bin kowane tsari. Kamfanoni uku ne suke riƙe da mafi yawan kasuwarta, Samsung, SK Hynix da Micron, kuma tun ƙarshen 2025 da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka shiga kwashe abin da ake ƙerawa, farashi ya yi sama sosai. Wannan ba jiran wata ke gyara shi ba. Shi ya ƙara mini ƙarfin gwiwar tsayawa a kan AM4, tsohon mazaunin furosesa na kamfanin AMD, da furosesa Ryzen 5 5600 da madabod B550 da RAM nau'in DDR4, maimakon sabon mazauni AM5 da ba ya karɓar komai sai DDR5. DDR4 ɗin ma ta tashi, amma jimillar kuɗin ta fi dacewa da aljihuna.

Wani dattijo ɗan Kano mai gyara a can kasuwar ya ce mini, "Yaro, akwati da wuta saye su duk ranar da ka samu kuɗi, ba sa tsufa. Amma furosesa, madabod da RAM, waɗannan ukun kada ka raba su." Na ce, "To Baba, in na ga furosesa da araha yau fa?" Ya ce garantin kasuwa na 'yan kwanaki ne, in ka ajiye shi wata biyu kana jiran madabod, ranar da ka kunna ya ƙi tashi ba wanda zai saurare ka. Ya ɗauko wani Ryzen ya karkata shi wajen hasken fitila, ya nuna mini yadda ake bin layin ƙananan alluran ƙasansa da ido, ɗaya ta ɗan kwanta a gefe kamar gashin gira. A AM4 alluran a jikin furosesa suke, don haka wannan dubawar ba a tsallake ta.

Shirina yanzu shi ne in tara kuɗin ukun gaba ɗaya, ban da kuɗin hidimar Sallah da na ware dabam, in je da safe a ranar da ba ruwan sama, a haɗa su a kan teburin Baba har BIOS, wato manhajar farko ta madabod, ya bayyana a allo. Da yake 5600 ba shi da hoto a cikinsa, ya yi alkawarin ara mini kati na gwaji. Wanda a cikinku ya taɓa sa Ryzen 5000 a tsohon B450 ko B550, ya gaya mini ko sai da ya sabunta BIOS kafin ya tashi, don in san ko zan tafi da filas.