Jibin da Ba Ma Ci Tare

Ni ɗan LCCN ne, wato cocin Lutheran na Najeriya, daga Numan, matata 'yar Katolika, a Jos muke zaune. Idan na raka ta coci, lokacin Jibin Ubangiji sai in zauna a benci, domin ni ba ɗan Katolika ba ne. Abin yana min ciwo.

An sasanta batun ceto ta wurin alheri tsakanin 'yan Lutheran da 'yan Katolika a birnin Augsburg na Jamus a 1999, saura kujerar Fafaroma. Su 'yan Katolika a wurinsu Fafaroma magajin Manzo Bitrus ne, kuma tun 1870 suka tabbatar ba ya kuskure idan ya yanke hukuncin bangaskiya daga kujerarsa. Mu kuwa Nassi ne alƙali, har a kan bishop.

Surukina ya ce, "Ɗana, ka dawo gida mana." Na ce, "Baba, ina girmama Fafaroma, amma lamirina bai yarda ba."