Talata, ranar da na zauna da mai koyar da kartar poka

Ƙarfe huɗu na yamma muka yi da shi, kuma a Disamba lokacin nan duhu ya fara rufe Birmingham. Na dawo daga lakca a gurguje, ko abinci ban ci ba, na buɗe kwamfuta na jira kiransa. Mako biyu ina tara dala 50 ɗin da yake karɓa a awa ɗaya.

Buƙatata ɗaya ce. Wata takwas ke nan ina buga kartar poka a intanet, a teburin da ake kira NL10, inda kuɗin da dole a zuba kafin a raba kati santi 5 ne da santi 10, kuɗin zama kuma dala 10. Ina so in haura NL25, inda kuɗin zama dala 25 ne. Tun jiya na tura masa tarihin hannu 40,000, wato zagayen wasa, da manhajata ta ajiye, ina jin cewa da ya gani zai ce bismilla.

Bai ce ba. Ya fara da lissafi. A hannu 40,000 ɗin nan ribata dala 200 ce, bayan kason da gidan karta ke cira a kuɗin da aka zuba tsakiya. Ya ce ba laifi, amma hannu 40,000 bai isa ya raba gwaninta da sa'a ba. Sai ya tambaye ni nawa ke cikin asusuna. Dala 430. Shi ƙa'idarsa kuɗin zama 40 kafin a taka sabon teburi, wato dala 1,000 a NL25. Ko rabi ban kai ba.

Wannan bai yi mini zafi kamar abin da ya biyo baya ba. Ya ɗauko wani hannu na daren Juma'a ya sa a allo. Ina da kati huɗu masu alama iri ɗaya, ina jiran na biyar, saura kati ɗaya a buɗe. Dala 3 ke tsakiya, abokin karawa ya zuba dala 3. Ya ce in ƙirga da bakina. Kati 9 ne za su cece ni cikin 46 da ban gani ba, kusan sau ɗaya cikin biyar. Kuɗin da na bi kuwa sai in riƙa ci sau ɗaya cikin uku kafin ya biya kansa. Na san wannan lissafin tun watan farko. Ya ce to me ya sa na bi? Na yi shiru. Ya ja baya da minti shida, sai ga hannun da aka doke AA ɗina, katin farawa mafi ƙarfi, da KK mai bi masa, abin da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin biyar ko wane ne kai. Daga nan zuciya ta ɗebe ni, na zubar da kuɗin zama uku kafin ƙarfe biyun dare. Na ga agogon a jikin kowane hannu, babu inda zan ɓuya.

Ya ba ni aiki: in tashi da zarar na rasa kuɗin zama biyu, in rage tebura daga shida zuwa uku, mu sake magana bayan hannu 30,000. Ya kuma ce in daina kallon labarin Chris Moneymaker, akawun da ya shiga ta ƙaramar gasa a PokerStars ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Wallahi bidiyon nan na kalle shi ya fi a ƙirga.

Muna gamawa Umma ta kira daga Zariya.

"Auta, muryarka kamar ba ka barci. Karatun ne?"

Na ce, "Eh Umma, sai addu'a."

Ta yi mini addu'a mai tsawo, har da roƙon Allah ya ciyar da ni halal. Na amsa amin ƙirjina na bugawa. Duk yadda nake ce wa kaina wannan lissafi ne, a gidanmu sunansa caca, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida na haddace ta tun ina Islamiyya. Mai koyarwa bai san da wannan ba, ban kuma san yadda zan faɗa masa ba.

Yanzu sha ɗaya da rabi. Na yi Isha'i a makare, na dafa taliya na ci rabi. Manhajar tana buɗe, ban zauna kowane teburi ba. Gobe ina da lakca ƙarfe tara.