Rumbunan bayanan da ɗalibanmu ba su san da su ba

Duk shekara idan lokacin zaɓen batun bincike ya zo, ba na rasa ɗalibi ɗaya ko biyu a nan Sakkwato masu son nazarin yadda ake gina manhajojin da kowa ke da izinin dubawa da gyarawa, irin su Linux da Firefox. Tambayoyinsu masu ma'ana ne. Me ke sa wata manhaja ta bunƙasa, wata kuma masu ita su watse su bar ta? Idan an kai ƙorafin kuskure, kwana nawa ake yi kafin a gyara?

Wajen tattara bayanai ne ake yin turus. Ɗalibi zai zauna yana jawo su ɗaya bayan ɗaya daga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, alhali shafin ba ya barin mai rajista ya nemi bayani fiye da sau 5,000 a awa guda, marar rajista kuwa 60 kacal. Ga ɗaukewar wuta, ga data na ƙarewa, ga zafin Afrilu da ke sa kwamfuta ta kashe kanta. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, na bar shi yana saukewa na kwanta, da asuba na tarar tun tsakar dare ya tsaya."

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan wahala an riga an sha ta domin kowa ya huta. Tun 2004 Megan Squire da James Howison da Kevin Crowston suka fara aikin FLOSSmole a Amurka, suna kwaso bayanai daga shafukan ajiye manhajoji irin su SourceForge, suna tsabtace su, suna ajiyewa kyauta ga masu bincike. Daga 2011 kuma GH Archive ke adana duk wani motsi na fili da aka yi a GitHub, kowace awa da fayil ɗinta. Wannan shi na fi nuna wa ɗalibai, domin akwai shi a BigQuery, dandalin Google na tace ɗimbin bayanai. Kai dai ka rubuta tambayarka, injinan can su yi aikin, ka sauke ɗan sakamakon da ko a wayarka zai shiga.

Wanda ya fi burge ni shi ne Software Heritage, da cibiyar Inria ta Faransa ta ƙaddamar a 2016. Burinsu su adana ainihin rubutun kowace manhaja da ke fili, tare da tarihin gyare-gyarenta. Da aka rufe shafukan ajiye manhajoji na Gitorious a 2015 da Google Code a 2016, a rumbun Software Heritage ɗimbin ayyukan suka tsira. Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ya ga yadda ake tattalin tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu, zai gane irin wannan aiki ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amfanin bai tsaya ga sauƙi ba. Idan ni da wani malami a Zariya muka ɗebo daga rumbu ɗaya, zai iya maimaita lissafina ya ga ko gaskiya na faɗa. Idan kuwa kowa da nasa bayanan da ya tsinto, musu kawai za a yi ta yi.

A nan ne namu gibin yake. Ɗalibi ya gama kundinsa, a ɗaure shi da bango mai kauri, a jera a kanta, bayanan kuma suna cikin filas ɗin da zai ɓata kafin ya tafi bautar ƙasa. Na baya ya zo ya sake daga farko. Alhali ga Zenodo, rumbun ajiye bayanan bincike a intanet, wanda cibiyar binciken kimiyya ta CERN ke kula da shi tun 2013, kyauta ne, kuma yana ba kowace ajiya lambar shaida ta dindindin da za a riƙa ambata a wasu binciken.

Don haka duk ɗalibin da nake dubawa, ba na sa hannu a kundinsa sai ya ɗora bayanansa a can, ya cire sunaye da adireshin imel na mutanen da ke ciki, ya kuma rubuta shafi ɗaya yana bayyana inda ya samo su da ranar da ya ɗebo.